Ruwan Teku a Riruwai

Akwatin fenti mai gida goma sha biyu. Burushi shida. Takarda mai kauri, ƙunshi biyu. Takardar shaidata ta Ikko. Su ke kan cinyata a bayan motar kuza, daga Kwanar Dangora zuwa Riruwai, inda aka ba ni ajin 'ya'yan masu haƙar kuza a 1956.

Ran Talata na ce za mu zana teku. A cikin yaran babu wanda ya taɓa ganinsa. Na nuna musu: a jiƙa takarda tukuna, a ɗora shuɗi daga sama, a riƙa ƙara ruwa har ya dushe. Inda kumfa take ba a shafa komai, farin takardar ake bari.

Wata yarinya, Saude, ta ce, "Malam, ya kai kududdufin bayan kasuwa?"

Na yi dariya fiye da kima. Na ɗaga kwanon wankin burushi, ruwansa ya koma shuɗi. Na ce, "Wannan launin daga cikin tekun aka ɗebo shi." Burga ce kawai.

Kwana uku ina tarar da kwanon babu ruwa bayan an tashi.

Ran Juma'a mahaifin Saude, Balarabe, ya zo ƙofata da zakara. Yana tari har sai ya dafa bango.

"Allah gafarta malam, godiya na zo yi. Rubutun nan naka yana aiki."

"Wane rubutu?"

"Na teku mana, wanda yarinya ke kawo min. Tawadar malamanmu baƙa ce, taka kuwa shuɗiya, ta mai zurfin karatu. Uwarta ta matsa in je asibiti, na ce mata ai likita ya biyo ni har gida."

A nan, abin da malami ya wanke daga rubutunsa sha ake yi. Na san haka, da shi aka raine ni. Shekara bakwai a Ikko suka mantar da ni.

Ban faɗa masa gaskiya ba. Na karɓi zakaran, na ce Allah ya ƙara sauƙi.

Na tsaya ina jin tarinsa har ya sha kwana. Na shiga, na rufe ƙofa. Gobe da safe zan mayar masa da zakaransa, in gaya masa ruwan wankin burushi ne, a gaban 'yarsa, sannan in ari keke in kai shi asibiti.