Daddawar Hajo

Hajo ta rasu ranar Talata, a bazarar da ta biyo bayan shekarar fari, cikin motar haya tsakanin Bakori da Funtuwa. Ciwon ciki ne ya taso mata da safe tana shara. Ba a kai asibiti ba, kafin azahar an juyo da mota.

Mijinta Maitama manomin auduga ne, dogo, mai tsare gida, ba ya dariyar banza. Sun tsufa tare, amma bai taɓa taka madafarta ba. Yana riƙe da ita a kujerar baya ta yi masa maganarta ta ƙarshe.

"Malam, kwandona yana bayan murhu. Jibi a buɗe. Na Auta ne."

Ya ce, "Bar zancen kwando, ki yi salati."

Ta yi salatin.

Kwandon na daddawa ne. Auta kuwa ita ce Lauratu, 'yarsu ta ƙarshe, wadda ta dawo gida goyon ciki daga Funtuwa, inda mijinta Lawal yake aiki a gidan gurzar auduga. A wajenmu uwa ce take haɗa wa 'yarta kayan jego, yaji da kanwa da daddawa. Hajo ba ta yarda da daddawar kowa ba. Ɗorawa ɗaya gare ta a gonar da ta gada, bana kuma 'ya'ya kaɗan ta yi. Ta tara kalwar duka, ta yini tana dafawa, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta juye a kwando, ta rufe da ganye da tsumma don ta nuna. Daddawa tana da ranarta. In ranar ta wuce ba a shanya ba, sai juji.

Jibin ya faɗa ranar sadakar uku.

Maitama yana zaune a zaure, maza sun cika har waje. Ana ta "Allah Ya jiƙanta", yana ta "Amin". Da hantsi ya ɗaga iska ta kaɗo daga cikin gida, ya ji warin. Ya san shi. Daddawa ta nuna, har ta fara neman wucewa. Ya tashi ya shiga.

Ƙanwarsa Tasalla ce take juya gidan, mata suna dakan gumbar sadaka. Ya kira ta gefe.

"Akwai kwando bayan murhu. A fito da shi a shanya."

"Yau, Yaya?"

"Yau."

"Haba Yaya! Gida cike da mutane, a baza musu wari? Da wane turmi kuma za a kirɓa, da na gumba? So kake a ce ƙasar kabarinta ba ta bushe ba kai kana ta miya?"

"Na Auta ne."

"Autar da ko kunu ba ta sha tun shekaranjiya? In ta sauka lafiya sai a sayo dunƙule a kanti, kowa shi yake sawa yanzu."

Ya sunkuya ya shiga madafar. Mata suka tsaya da taɓare a hannu. Ya fito da kwandon a ka, ruwan daddawa yana ɗiga a kafaɗar farar rigarsa. Gidan ƙofa ɗaya gare shi, dole ta zaure ya bi. Maza suka dare, wasu suka toshe hanci da hannun riga. Rabe, abokin wasansa tun suna kiwon awaki, bai iya haƙuri ba.

"Maitama, talla aka koma? Ta kwabo za a ba ni."

"Matsa, ɗan neman magana. Kai ko kyauta ba za ka samu ba."

Wasu suka yi murmushi, sannan suka ji kunya suka sunkuya.

Ya sauke kwandon a gindin tsamiyar bayan gida, ya buɗe, ya tsaya. Bai san abin da ake yi daga nan ba. Yana tsaye sai ga Ifeyinwa, wadda ake kira Maman Uzoma. Tana sayar da busasshen kifi da kayan miya a kasuwar Funtuwa, kuma tun da ita da danginta suka dawo Arewa bayan yaƙin basasa daddawar Hajo take sara. Gaisuwa ta zo, warin ya ja ta bayan gida. Ta durƙusa ta yi masa ta'aziyya, ta leƙa kwandon, ta sa hannu har ƙasa.

"Baba, ta ƙasan ta tafi. Ta saman tana da rai. A ba ni tabarma da turmi."

"Kin iya?"

"Hajo ta koya mini. Zagina ta yi ta yi har na iya."

Ta faɗi haka tana dariya, hawaye yana zuba. Ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure ƙugu.

Ya ɗauko tsohon turmin da ya tsage daga ƙarƙashin rumbu, ya wanke da kansa. Ta tsince mai kyau ta baza a rana, ta zubar da fiye da rabi. Da ta sha iska ta kirɓa, ta mulmula, ta faffaɗa a tafin hannu, ta danna babban yatsa a tsakiyar kowace, yadda Hajo take yi. Duka faifai ɗaya ta cika. Motar yamma ta tafi da Maman Uzoma. Sauran aikin shanya ya zama nasa. Masu zuwa gaisuwa a kwanakin nan a gindin tsamiya suke samunsa, da kara a hannu yana korar kaji. Da ta bushe ya zuba a ƙaramar tukunya, ya rufe, ya kai ɗakinsa.

Ba a daɗe ba Lauratu ta haifi namiji. Aka yi mata wanka, aka dama kunun kanwa, ta kurɓa ta ture. Ta juya fuska bango. Duk miyar da Tasalla ta kai, haka take dawowa. Nono bai kawo ba. Yaron ya yi ta kuka, ana ɗiga masa ruwan ɗumi, har kukan ya fara zama siriri. Maitama yana jinsa daga zaure. Ya yi zancen tukunyar, Tasalla ta ce, "Kada ka fama mata miki, Yaya. In ta ji warin uwarta sai abin ya fi haka." Ya bari. Ya san auduga, bai san jego ba.

Ranar kauri dangin Lawal suka kawo ƙafafun saniya, kamar yadda ake yi wa mai jego. Aka babbake, aka kankare, aka farfasa, aka ɗora babbar tukunyar ƙasa. Tasalla ta daka citta da kanumfari da masoro da kimba da barkono. Ta kwance bakin zane za ta ɗauko dunƙule, sai ga inuwa a ƙofar madafa. Maitama ne da tukunyarsa.

"Mayar da wannan."

"Yaya, na gaya maka..."

"Kin gaya mini. Yau ban ji kukan yaron nan ba sai sau ɗaya. Daka."

Ta karɓa ta daka. Za ta juye duka, ya ɗaga hannu.

"Rabi yanzu. Rabi sai ƙashi ya saki."

"Wa ya koya maka girki?"

"Daga zaure ƙamshin sau biyu yake zuwa mini. Ɗaya da wuri, ɗaya in an kusa saukewa."

Tasalla ta dube shi, ta share ido da bayan hannu, ta raba garin biyu.

Tukunya ta yini a wuta. Romo ya yi kauri, ya yi duhu, mai yana yawo a kansa. Da la'asar aka zuba rabi na biyu, ƙamshi ya cika gidan har ya tsallake katanga. Tasalla ta ɗiba a akushi ta shiga ɗakin mai jego. Maitama ya tsaya a bayan asabari.

Sannan ya ji muryar Lauratu ƙasa-ƙasa.

"Gwaggo, wa ya yi wannan?"

"Ni na dafa. Sha."

Ya ji ludayi ya taɓa akushi. Sai kuka ya ɓarke, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da gawa. "Inna ce, Gwaggo. Wallahi Inna ce." Tasalla tana cewa, "Ita ce. Ke ta yi wa. Sha, Auta, ɗanki yana jira." Kukan ya lafa, ludayi ya sake taɓa akushi, ya sake, har ya ji ana kankare gindin akushin.

Kafin suna nono ya kawo. Aka yi ta yi mata romo da miyar kuka da daddawar, ana cancanawa, har ta kai ga ta ƙarshe. A ranar, Tasalla ta ɗiba a ƙaramin kwano ta kai masa zaure bayan la'asar.

"Yaya, ta ƙare. Ka ɗanɗana, ko baki ba ka sa ba."

Ya karɓa ya buɗe. Tururi ya bugi fuskarsa. Ya daɗe riƙe da kwanon a tafin hannu biyu. Sannan ya mayar da murfi ya miƙa mata.

"Kai wa Auta. Ni na sha nawa."

Ta koma da shi. Ya jawo buta zai yi alwala, ya dubi hannunsa inda romo ya ɗan taɓa, ya ajiye butar. Magariba da saura.