Ƙwaryar Takama a Gidan Tarihi

Ni dai ban so tafiyar nan ba. Ƙafafuna kumbura suke yi, kuma daga Dogarawa zuwa Yamai ba nan kusa ba ne. Amma Takama ƙawata ce tun muna 'yan mata, ga idanunta sun fara rufewa, ta ce ba hannun da za ta riƙe sai nawa.

Ƙwarya ce ta tashe mu. Ta uwarta ce, babba, mai zanen wuta, da tsaga a gefe wadda Takama ta ɗinke da hannunta. Shekarar fari ta ba wani mai tara kayan gargajiya ita, ya ba ta gero, ya ce gidan tarihi za a kai ta. Tun ranar take faɗin cewa ƙwaryar da ba a shafa wa mai, tsagewa take yi. Ta zuba man shanu a ɗan gwangwani, ta ce sai ta shafa mata kafin duhu ya gama rufe ta.

Ɗanta Lurwanu, mai tuƙa kamyon siminti daga Malbaza, shi ya ɗauke mu. Ya sauke mu bakin ƙofa da hantsi, duk jikina tsami, ya ce da la'asar zai juya.

Wurin ya fi kasuwar Konni faɗi. An haɗa mu da mai zagayawa da baƙi, Malam Alkasum, ya yi ta jan mu: ga ɗakin tufafi, ga bukkoki, ga masaƙa da maƙera suna aiki a gaban jama'a. Wajen dabbobi na hango ɗan Mati na Tajaye, wanda uwarsa ke cika mana baki wai aikin buro yake, cikin ofis, yana jefa wa kura nama. Na adana wannan.

Da ƙyar muka kai ga ƙore, jere a bayan gilashi. Takama ta manna goshi.

"Hawa'u, tana nan?"

Na duba, babu mai ɗinki ko guda. Amma na gaji, zama nake so.

"Ga ta can, ta biyu. Lafiya lau take."

"Ɗinki nawa ag gare ta?"

"Bakwai."

"Sha ɗaya ne, tsohuwar banza. Shekara sittin kina ƙarya, har yau ba ki iya ba."

Malam Alkasum ya kau da kai yana murmushi. Ya ce, "Inna, akwai ɗaki a baya inda muke ajiye waɗanda ke jiran gyara. Mai abu yana iya neman a nuna masa."

Wata tafiyar kuma. Ƙore shida ya jera mata a kan tabarma. Ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a ta huɗu. Tsagar ta wuce ɗinkin da kamar tsawon yatsa.

"Na faɗa," in ji ta, a hankali.

Aka kawo basilla da kaba daga wurin masu sana'a, ta ƙara ɗinki huɗu ba tare da ta sunkuya ba. Malam Alkasum ya ɗauko takarda ya rubuta sunanta da na uwarta. Amma da ta buɗe gwangwani sai ya ce, "Mai kam a'a, Inna. Ƙwari yake kira, doka ta hana."

Hannunta ya tsaya a sama. Ni kuwa na kama hannun rigarsa na ja shi bakin ƙofa.

"Ɗana, wancan mai ba kura nama, ka san ko ɗan wane ne?"

Na ba shi labarin gidan Mati tun daga kaka. Ya yi ta sauraro, bai waiwaya ba ko sau ɗaya, alhali warin man shanu ya cika ɗakin.

Da Lurwanu ya danna odar mota a waje, Takama ta kife ƙwaryar a kan tabarma, ta miƙo mini hannu. Kafin mu fita gari barci ya ɗauke ta, tafin hannun a hancinta, kanta a kafaɗata mai ciwo. Haka na ɗauki nauyinta har Doso.