Luguden Manzo

A fadar da masu haɗa kiɗa da na'ura ke shan shayi a Tanut, Abdulgafar ba ya ko saka Manzo cikin gwanaye. "Mutumin da ya naɗi luguden matan Gangara ya cusa a kiɗan rawa? Ai wannan daka ne!" Manzo bai taɓa tanka masa ba.

Ranar wani biki a Tarka, Abdulgafar ya yi ta sakin kiɗansa, mata ko gezau. Gumi ya karyo masa. Ya sunkuyar da kai ya saka na Manzo. Da jin ƙarar taɓarya a cikin kiɗan, har kakar amarya ta ci ɗamara ta shigo fili.

Washegari a fada, Abdulgafar da kansa ya miƙa wa Manzo kofin farko.