Riƙon Ƙwarya

Janar ya taɓa mulkin ƙasar, amma ko damina ɗaya bai cinye a kan kujerar ba. Manyan hafsoshi suka ce ya riƙe kafin su daidaita, da suka daidaita ɗin kuma sai suka miƙa wa Dogo, abokin shigarsa soja, mutumin da a filin fareti sai Janar ya raɗa masa hagu da dama. Dogo ya daɗe har aka gaji. Shi kuwa Janar, jaridu suka liƙa masa sunan da ya fi zagi ciwo: shugaban riƙon ƙwarya.

Kishin Dogo ya bi shi har furfura. Gara direbansa ya zagaye gari da ya hau Titin Dogo. Ko da Dogo ya rasu, abin da ya fi tsaya wa Janar a rai yawan mutanen da suka zo jana'iza ne.

Ranar da za a sa wa babban bariki sunan marigayin, Janar ya tashi yana kokawa da maɓallan tsohon kakinsa.

"Baban yara, ka bar numfashi ya wuce mana," in ji matarsa.

"Na gargaɗi mai gabatarwa," ya ce. "Tsohon shugaban ƙasa zai ce, ya yi shiru."

Haka kuwa aka yi. Lasifika ta faɗa sarai, babu ƙwarya babu riƙo, aka tafa. Janar ya miƙe yana jin daɗin da ya yi shekara da shekaru yana jira.

Sai matar Dogo ta matso da hular marigayin a kan matashi. Ɗansu ne zai kai ta gaban tuta, ga shi bai iso ba.

"Yaya, ɗan riƙe masa kafin ya zo."

Ya karɓa. Hular ta fi tasa ado, ya lura. Bai gama gyara tsayuwa ba ɗan ya iso yana haki, ya ɗauke ta har da matashin.

"Mun gode, Yaya," ta ce, da zuciya ɗaya. "Dama marigayi kan ce ba wanda ya kai ka iya riƙe wa mutum abu."

Aka busa bigila. Kowa ya sara, ban da Janar, da hannuwansa ke buɗe har yanzu.