Waƙa ta Huɗu a Kaset ɗin Malam

…kuma ba wanda ya tilasta ni, ni na kai kunnena. Ƙawata ce ta miƙo min waya ɗazu a bakin famfo, wai ga waƙarki ta asali, na samo miki. Ta asali. Minti huɗu ne ma bai cika ba. Tawa biyar ce, Malam. Shekara biyu ina kaɗa ta minti biyar.

Benci, jita a cinya, lamba bakwai manne a ƙirjina. Mai lamba shida ya shiga. Mutum uku ne a ciki, daga makarantar koyon kiɗa suka zo, da gurbi ɗaya tak a hannunsu. Kai kuma kana kujerar baya, na hango furfurarka da aka buɗe ƙofa.

Shekarata sha huɗu ranar da ka ciro shi daga aljihun tebur. Kaset, a wannan zamanin, har da rakodar da aka ɗaure murfinta da roba. Ba kwali, rubutun jikinsa ya goge. "Kiɗan rok ne, na Turawa. Za ki ce hayaniya ce. Ki ba shi kwana uku." Ina, ko awa ɗaya bai yi ba ya kama ni. Waƙa tara, mutane suna dukan ganga da tsirkiya kamar an yi musu laifi… ni da ko a aji muryata ba ta fita, sai ga wasu suna yi min ihuna. Inna ta leƙo, wai wa ya mutu a ɗakin nan? Yaya ya ce ba komai, injin niƙa ne ya lalace.

Ta huɗun nan. Jitar tana tafiya ƙasa-ƙasa, tana jan jiki kamar mai hawa bene da kaya. A nan nake kuka, ba na ɓoyewa. In mayar da zaren kaset ɗin da biro, in saurara, in kwaikwaya a jita, in sake mayarwa, har yatsuna suka yi kanta. Ashe rakodar ce ta tsufa take jan ƙafa? Baƙin cikin da na ɗauka nasu ne — inji ne ya gaji. Ta asalin rawa ake yi da ita. Rawa, Malam.

Ka sani mana. Kasetinka ne, tun kana saurayi kake jin sa. To me ya sa ka bar ni? Ko kana ganin tawa ta fi… ko kuwa…

A'a. Ba na son wannan tunanin.

Makon jiya tsirkiya ta uku ta saki ina tsakiyar kiɗa, sauti ya karkace, na ƙarasa kunya kamar ta kashe ni. Ka ce madalla. Idonka a kan yatsuna, tafin hannunka a jikin sifika — tun yaushe ka fara ɗora hannu a kan sifika? Na tsaya a bakin ƙofa na ce Malam, na sake cewa Malam, kana goge allo ba ka waiwayo ba. Na ce tunani kake. Kullum ina samo maka dalili.

Shagon Baba, ƙarar keken ɗinki, ka shigo kana neman wurin zama a kan tarin yadi. Baba da ya ce kiɗa aikin marasa aiki ne. Ka ce masa, "Yarinyar nan tana da kunne." Ya tsayar da keken, ya zare allurar da ke bakinsa, ya daɗe yana kallona kamar yau ya fara ganina. "To, tunda ku kuka faɗa." Shi ke nan abin da nake tsaye a kai, maganarka. Kunnena kai ka shaide shi, naka fa, wa zai shaida min?

Ina jin haushinka, wallahi ina ji. Kuma ba wanda nake so ya ji ni kamar kai.

Zan iya gyarawa. Sau ɗaya na ji ta, amma tana kaina, in ƙara sauri, in ɗaga sauti, su ukun nan tabbas ta asalin suka sani. Sai dai yatsuna ba su taɓa zuwa can ba. In kuma na kaɗa tawa, za su dubi juna su ce yarinya ta haddace kuskure.

"Lamba bakwai."

Ɗakin ya fi yadda na zata haske. Kujera, wayar jita, na jona, sifika ta yi gurnani. Matar da ke tsakiyar su ukun ta ɗaga biro, wai bismillah. Na ɗaga ƙafa zan ƙirga — ɗaya, biyu — da wane sauri? Ka matso gaba a kujerarka, ka kafa wa hannuna ido, har ka fara murmushi tun ban taɓa tsirkiya ba…

Duk wadda na kaɗa, gyaɗa kai za ka yi.