Sabulun da Ba a Buɗewa

A shekara ta biyu da fara yaƙin, sabulu mai ƙamshi guda ɗaya ya rage a layinmu, kuma ba wanda ya taɓa wanka da shi. Ni na saye shi tun kafin a rufe hanya, na kai wa matar kafinta ranar da 'yarta ta haihu. Bayan wata biyu sai ga shi a hannun matar direba, ta kawo mini dubiya da na tashi daga zazzaɓi. Na gane shi sarai, don akwai inda farcena ya huda takardar a gefe. Na yi godiya har da shinshinawa, kamar ban taɓa ganinsa ba.

Haka ya riƙa yawo gida-gida. Haihuwa, jinya, wanda ya tsira daga harin kasuwa, duk shi ake kaiwa. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Ba a buɗe shi, ba a kuma riƙe shi. Matar kafinta, da bakinta ba ya ƙyale kowa, takan ce sabulun nan ya fi likita zaga marasa lafiya. Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninmu da ita. Yaya nake ce mata, ko da yake da wata uku kacal ta girme ni, kuma ba ta taɓa bari na manta ba. Ɗanta Dogo da nawa Auta, mota ɗaya ta kwashe su zuwa fagen daga.

Ni ce na ɓata tsarin. Auta ya aiko da takarda yana cewa rabonsa da wankan kirki wata huɗu, ƙaiƙayi ya hana shi sakat, in ya dawo sai ya ƙarar mini da ruwan randa. A makon ne sabulun ya sake zagayowa gidana. Na naɗe shi a tsohon ɗankwali, na tura ƙasan akwati, na ce wannan na Auta ne ranar da ya dawo. Da surukar direba ta karye a ƙafa, haka muka tafi dubiya hannu rabbana. Yaya ta tambaye ni ko yana wajena. Na dubi tsabar idonta na ce ai na miƙa shi gaba tuni. Ta ce to, ta ci gaba da shanyarta. Zargi ya sauka a kan matar direba, aka ɗauka ita na kai wa ta ɓoye, ni kuwa na bar ta da shi.

Wata Talata da hantsi aka kawo Dogo a bayan motar kaya. Sa'a ce ma da aka kawo shi, wasu takalmi kawai ake miƙa wa iyayensu. Na shiga na tarar da kafinta zaune a kan bencin aikinsa, guduma a hannu, yana kallon bango. Mazan da ke wanke gawar suka leƙo suka tambaya ko akwai sabulu, don ƙasa da jini sun bushe a gashinsa, ruwa kaɗai ya ƙi fitar da su. Aka duba gidan kaf, ba komai sai tokar wanke tukunya. Yaya ta ce a yi da tokar. Ko inda nake ba ta kalla ba, kuma wannan ya fi zagi yi mini ciwo.

Na koma gida na durƙusa gaban akwatin. Ba zan ɓoye ba, na daɗe a wurin. Gani nake in na ba da shi, na haƙura da dawowar Auta ke nan. Daga ƙarshe na ɗauko, na je na kware takardar da hannuna a gaban matan layi duka. Matar direba ta dube ni, ta mai da idonta ƙasa. Ƙamshin ya cika gidan, har yau ba na iya jure irinsa.

Bayan kwana uku Yaya ta shigo, duk ta zabge. Ta ajiye mini ragowar a cinya, siriri kamar ganye, cikin takardarsa da ta ɗaure da zare. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Tun ranar na san yana wurinki," ta ce. "Da a hannuna ya faɗo, ni ma Dogo zan ɓoye wa."

"Yaya, ki bar shi wurinki."

"Ni wa zan ajiye wa? Ki ajiye wa Auta, ya zo ya yi wankansa da kansa."

Yana nan ƙasan akwatin. Wata tara ke nan ba takarda. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai in kasa leƙawa, in zauna ina saurare: ko takun Auta zan ji, ko kuwa maza ne za su yi sallama su tambaye ni sabulu.