Kunnen Hagu

...ai ba ta ce kar a yi wa Turai magani ba. Yaushe ta ce haka? Cewa ta yi kar a kira Maikano wanzami. Kar a zira wa yarinya komai a kunne, ko gashin kaza, ko tsinke, ko wannan ɗan ƙarfen nasa mai lanƙwasasshen baki. Shi ke nan fa abin da ta ce. Amma Inna ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ke dai ba kya ji."

Ba kya ji. Safara'u na tsaye a bakin ƙofa, ƙaiƙayi har cikin gira, tun hantsi tana masussuka... ba kya ji. Da Inna ta san abin da ta faɗa!

Dubi dai yadda Turai ta baje a cinyar Inna. 'Yar auta, shalele. Ɗan ƙaiƙayin dawa ne ya faɗa mata kunne jiya wajen sheƙa, yau gida ya tashi tsaye. An dama mata kunun tsamiya. An ce kar a yi daka kusa da ɗaki, wai ƙarar taɓarya na damunta — taɓarya! Ga hannun Inna a kanta, yana shafawa, yana shafawa... hannun nan ashe ya iya shafa kai?

Bara fa? Bara war haka. Masussukar nan dai, iskar nan dai, matan unguwa cike ana waƙar sussuka. Safara'u ta zo dafe da kunne, Inna, wani abu ya shige min. Inna ba ta waiwayo ba. Ta yaya za ta waiwayo, ga mutane? 'Yar fari ce. Ana kunyar ɗan fari, ba a kallonsa, ba a lallashinsa, ba a kama sunansa. Ke. Waccan. Yarinyar nan. Sai Inna ta karyo tsinken tsintsiya ta miƙo ta baya — ungo, sosa ki koma turmi. Ta sosa. Wani abu ya ce ɗas. Ruwa ya yi ta fita, mai wari, tana gogewa da bakin zane, har aka gama cika rumbu... sai shiru. Kamar an toshe gora da auduga.

Wa ya lura? Kunnen ƙashi gare ta, in ji su. A kira ta ta yi banza da mutum, in ji su. To gara haka. Gara mai kunnen ƙashi da kurma. Mai kunnen ƙashi ana jin haushinta, kurma kuwa a dandali dariya ake mata.

A ajin yaƙi da jahilci na mata ma, a gidan mai gari, cewa ake zaƙewa ce ke sa ta zama a gaba. Zaƙewa! Bakin malama take kallo. Amma baƙaƙen rubutu — Allah ya yi wa baƙaƙe albarka, su ba ruwansu da kunne. Ba sa magana ta hagu. Yanzu me za a ajiye ba ta karanta ba? Jikin garwar kananzir, buhun gishiri, har ɗan littafin tsabtar nan, ta karance shi tas, ba ta ko sa yatsa. Ga zanen kunne a ciki, ga dodon kunne, fata ce siririya, ta fi fatar kalangu laushi. Littafin ya ce da kaka a sauko da kallabi ya rufe kunnuwa. A ba iska baya in ana sheƙa. In abu ya shiga kar a tono shi, a kai ɗakin shan magani a wanke. Tana karantawa hannunta na kan kunnen hagu... ashe haka ne. Ashe kalangun ne ya fashe.

Kuma ta gaya wa Turai jiya! Ja kallabinki ƙasa. Ina! Sai a rufe 'yan kunnen da Baba ya kawo daga Riruwai? Guda biyu rak, na mutum ɗaya. Ba a ma yi shawarar wane mutum ba.

To a bar shi ya zo mana. Maikano ya zo da ƙarfensa, ya zira, ya juya, abu ya ce ɗas... su zama su biyu. A ga ko ita ma za a ce mata kunnen ƙashi. A ga ko —

A'uzubillahi. Wa ya yi wannan tunanin? Ita?

Turai fa. Turai da in za su rijiya sai ta zagayo ta dama kafin ta fara surutu. Kullum ta dama. Ba ta taɓa tambaya ba, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, zagayowa kawai take yi da ɗan tulunta... 'yar banza, ta sani. Ita kaɗai a gidan nan.

Inna ta ɗaga kai tana duban zaure. Ta gyara lulluɓi. Wato an yi sallama ke nan. Wato Maikano ya iso. Ita ba ta ji komai ba, a fuskar mutane take jin sallama yanzu.

"Inna, jakin Kawu Sale yana nan. Ɗakin shan magani na Tudun Wada ba Makka ba ne."

"Boko ya koya miki ja-in-ja da manya. Matsa ki ba mutum hanya."

Matsa. Ke. Matsa. Abin yana tasowa daga ciki kamar tafasar tukunya, a danne, a danne, ba a faɗa wa uwa irin wannan, ba a —

"Nawa kunnen da aka sosa bara, kira ni ta nan ki gani!"

Yatsanta a kan kunnen hagu. Zancen ya fita. Ba ya komawa.

Hannun Inna ya tsaya cak a kan Turai. Ga idonta... kallonta take yi? Ita? Ido cikin ido, ba ta gefe ba? A'a. Ba za ta iya tsayawa ba, ba ta san inda ake ajiye irin wannan kallon ba. Ta juya, ta fizgo ƙyauren garwa ta maka shi, garam — rabin ƙarar ta ji, rabin ya faɗa rijiya.

Kuma a cikin ƙarar, ta bayanta, ta hagu, Inna ta ce wani abu. Murya ta ɗaga, wannan ta tabbata. Kalma mai ɗan tsawo. Shashasha? Sakarya? Ko kuwa... Sa-fa-ra...

A'a. Ba a kama sunan ɗan fari.

In kuma an kama fa? Sau ɗaya a duniya, ya faɗa a wancan kunnen?

Ƙafafunta sun riga sun nufi gidan Kawu Sale. Ta wuce Maikano a zaure ko gaisuwa babu. Tana tafe tana karkata kai, kunnen dama a baya, ko za a sake...